Bin Sawun Baƙo Ta Littafin 'Yan Garinsu: Yadda Ake Binciken Kakannin Yahudawan da Suka Yi Ƙaura Zuwa Amurka

Duk wanda ya taɓa tafiya ci-rani ya san baƙo ba ya sauka a sarari. Yaron da ya bar Ringim ko Gwaram ya nufi Legas yana riƙe da sunan wanda zai tambaya a tasha, akwai ɗakin da zai raɓa kafin ya tsaya da ƙafafunsa, akwai kuma ƙungiyar 'yan gari da za ta haɗa masa kuɗin asibiti in ciwo ya kayar da shi. Yahudawan Gabashin Turai fiye da miliyan biyu da suka shiga Amurka tsakanin 1881 da 1924 su ma haka suka yi, sai dai nasu ƙungiyoyin sun riƙe littattafai: wa ya biya kuɗin wata, wa aka ranta wa kuɗin jirgi, wa ya tsaya wa wani shaida a kotu, wa aka binne a wane layi. Talaka ɗaya ba ya barin takardu masu yawa a bayansa, amma ƙungiyar da ta goya shi tana bari, kuma a nan mai bincike yake samun abin da yake nema.

Wannan bayani an yi shi ne domin ɗalibin tarihi da ya gama karatu a Dutse ko Kafin Hausa ko Bayero ya dawo gida, yana da kwamfuta da ɗan fanel na sola, yana karɓar aikin binciken nasaba ta intanet. Cikin masu ba da irin wannan aiki akwai jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan baƙi. Wasu sanin asali kawai suke so, wasu kuwa takardar zama ɗan ƙasa suke hari a Jamus ko Ostiriya ko Folan. Ko wanne ne, aikin ya ta'allaƙa ne kan abu biyu: ainihin sunan garin da kakan ya fito, da ainihin ranar da ya zama ɗan Amurka.

Abin da za ka fara nema daga mai aikin

Kafin ka ƙona data, tambayi mai aikin hoton dutsen kabarin kakan, da sunan maƙabartar, da takardar shaidar mutuwa, da takardar aure, da duk wata tsohuwar wasiƙa tare da ambulan ɗinta, domin tambarin gidan waya yakan ɗauke da sunan gari. Tambaye shi sunan wa aka raɗa masa. Yahudawan Gabashin Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, ba sa yi wa mai rai takwara, sai mamaci. In ka ga jikoki uku na gidaje dabam-dabam an haife su cikin shekara biyu duk da suna ɗaya, to akwai tsohon da ya rasu dab da lokacin. Yahudawan da asalinsu Sifaniya ne, wato Sefardi, su irin tamu suke yi, ana yi wa kaka takwara yana raye.

Ka sayi littafin rubutu mai kauri, kowane mutum shafinsa. Duk abin da ka rubuta, sa takardar da ta faɗa a gefensa. Abin da baki ya faɗa kuma rubuta shi da fensir.

Daga nan sai ƙidayar jama'ar Amurka, wadda ake samu kyauta a FamilySearch, wani shafin intanet na binciken nasaba, in ka buɗe asusu. Ta 1900 da 1910 da 1920 da 1930 duk suna ba da shekarar shigowa, da wata alama a layin zama ɗan ƙasa: Al na nufin har yanzu baƙo ne, Pa ya shigar da takardar farko, Na ya gama. Ta 1920 ta ƙara da shekarar da ya gama ɗin. Kada ka wahalar da kanka neman ta 1890, gobara ta ci mafi yawanta a 1921. Jihar Niyok tana da nata ƙidayoyin na 1905 da 1915 da 1925, kuma na 1925 yakan faɗi inda mutum ya karɓi takardarsa. Shekarun da ke cikin ƙidaya ka ɗauke su da sassauci, a sa biyu ko uku gaba da baya, don sau da yawa yaro ko maƙwabci ne ya amsa wa malamin ƙidaya. Wurin haihuwa kuwa kusan kullum "Rasha" za ka gani, kuma wannan bai fi a ce mutum ɗan Arewa ne ba. Yankin da sarakunan Rasha suka killace Yahudawa a ciki daga 1791 zuwa 1917 ya haɗa ƙasashen da yau suke Lituweniya da Belarus da Moldoba da babban ɓangaren Yukiren, ga kuma lardunan Folan da ke hannun Rasha a gefe.

Takardun kotu, da ranar da ta raba su biyu

Riƙe wannan rana da ka: 27 ga Satumba, 1906. Kafin ta, kusan kowace kotu mai rajista tana iya ba baƙo takardar zama ɗan ƙasa, kowacce da irin fom ɗinta, kuma galibi ba abin da za ka samu sai suna da cewa ya yi watsi da biyayya ga sarkin Rasha. Bayan ta, gwamnatin tarayya ta fitar da fom iri ɗaya mai tambayar gari da ranar haihuwa, sunan jirgi, tashar da aka sauka da ranar sauka, sunan mata, da sunayen 'ya'ya da inda aka haifi kowanne. Mai binciken da ya tarar kakan ya yi tasa bayan 1906 ya taki sa'a.

Matakin biyu ne. Da farko mutum ya je ya rubuta niyyarsa, ya biya dala 1, wannan ita ce takardar farko. Sai ya jira aƙalla shekara biyu, zamansa a ƙasar kuma ya cika shekara biyar, sannan ya shigar da roƙo na biyu, kuɗinsa dala 4. Bayan 1906 takardar farko tana mutuwa in ta wuce shekara bakwai ba a bi ta da ta biyu ba, shi ya sa wani lokaci za ka ga mutum ɗaya da takardar niyya biyu, ka zaci mutum biyu ne. Ba dole ba ne kuma duka biyun su kasance a kotu ɗaya. Wanda ya fara a Niyok yana iya ƙarasawa a Shikago. Dokar ta kuma ce sai mutum yana jin Turanci, kuma sai an jira kwana 90 tsakanin roƙo da zaman kotu.

A ƙasan roƙo na biyu akwai shaidu biyu, waɗanda dole su kasance 'yan ƙasa, da sana'arsu da adireshinsu. Mafi yawan masu koyo tsallake wannan wuri suke yi, kuma kuskure ne babba. Wa zai bar aikinsa na yini ya je kotu ya rantse ya san ka shekara biyar? Suruki, ko ɗan'uwa, ko ɗan garinku da kuke ƙungiya ɗaya. In takardar kakan ba ta faɗi gari ba, buɗe wa kowane shaida shafi ka nemo tasa. In shaidun biyu duk sun fito gari ɗaya, ka samu bakin zare.

Mata suna ɓacewa a wannan mataki. Har zuwa 22 ga Satumba, 1922, matar aure takardar mijinta ce take rufe ta, 'ya'ya ƙanana kuma ta ubansu, don haka ba za ka samu fayil da sunanta ba. Daga wannan rana sai ta nema da kanta, kuma nan alheri yake: tsohuwar da mijinta ya yi tasa bayan 1922, ita kuma ta yi tata a shekarun 1930 ko 1940, fayil ɗinta yakan fi nasa cika, har da hoto, don an fara manna hoto daga 1929. Sojojin da suka yi wa Amurka yaƙin duniya na farko an yafe musu takardar farko ta dokar Mayun 1918, kuma da yawa a kotun kusa da barikinsu suka yi, nesa da gida. Wanda bai taɓa zama ɗan ƙasa ba kuwa, nemi fom ɗin rajistar baƙi na 1940.

Jerin fasinjojin jirgi

Tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu sauka Niyok, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1892. Kafin nan Castle Garden ne mashiga daga 1855 zuwa 1890. Amma ba kowa ne ya sauka Niyok ba. Akwai Baltimore da Boston da Filadelfiya, akwai masu bi ta Kanada, akwai kuma kimanin mutum 10,000 da aka karkatar zuwa Galveston a jihar Texas tsakanin 1907 da 1914 da kuɗin attajiri Jacob Schiff, don a rage cunkoson Niyok.

Mai aikin zai iya ce maka a Ellis aka canza wa kakansa suna. Karɓi maganar da ladabi, amma kada ka gina aiki a kanta. Jerin fasinjoji a tashar tashi ake rubuta shi, a Hamburg ko Bremen ko Rotterdam ko Liverpool, ma'aikatan Ellis dubawa kawai suke yi. Mutum da kansa yake sauya suna daga baya, a wurin aiki ko makaranta ko ranar rantsuwa a kotu. Saboda haka sunan da za ka nema a jirgi shi ne na gida. Wanda Amurka ta sani da Morris ko Max yana iya zama Moische, Hyman ya zama Chaim, Ida ta zama Chaje, Isidore ya zama Itzig. Ba ƙa'ida ba ce, harafin farko ne dai yakan tsira. Akwai kuma sunaye masu tafiya biyu-biyu, kamar yadda duk Bahaushe ya san Garba da Habu da Buba Abubakar ne, Shehu kuma Usman: Hirsch da Tzvi mutum ɗaya ne, haka Leib da Aryeh, Ber da Dov, Wolf da Ze'ev.

Sunan dangi kuwa an rubuta shi da kunnen magatakardan Jamus, wani kuma ya zo bayan shekara ɗari ya kwafa daga rubutun hannu mai wuyar karatu. In ka buga shi daidai a shafin Ellis bai fito ba, koma shafukan Stephen Morse, inda za ka iya nema da haruffan farko kaɗai, ko da kamannin sauti, ko ma da sunan gari da shekaru ba tare da sunan dangi ba. Tsarin kamanta sauti na Daitch-Mokotoff an ƙirƙire shi ne musamman don irin waɗannan sunaye, ka zaɓe shi duk inda aka ba ka zaɓi.

Daga ƙarshen 1907 jerin ya koma shafi biyu. Na farko yana da sunan ɗan'uwa mafi kusa da aka bari a gida da adireshinsa, na biyu yana da wanda za a je wurinsa a Amurka, da wanda ya biya kuɗin jirgi, da garin haihuwa. Mutane da yawa shafin farko suke saukewa su tafi. Ka lura da lambar layin mutum, ka bi ta zuwa shafi na gaba. Ka kuma duba ƙarshen jerin, inda ake lissafa waɗanda aka tsare: mace mai tafiya ita kaɗai ba a sakinta sai wani ya zo, kuma ana rubuta sunan wanda ya zo ɗin, wani lokaci ƙungiya ce. Lambobin da za ka gani an rubuta da hannu a kan sunan mutum, tare da kwanan wata na shekarun 1920 ko 1930, alama ce ta cewa an dawo an tantance shigowarsa lokacin da yake neman zama ɗan ƙasa. In na Amurka ya gagara karantuwa, Hamburg tana da nata jerin masu tashi daga 1850 zuwa 1934. Na Bremen mafi yawansu sun salwanta.

Ƙungiyoyin 'yan gari

Sunanta a Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, landsmanshaft, kuma fassararta a Hausa ba ta wuce ƙungiyar 'yan gari ɗaya mazauna wani wuri ba. Dubbansu aka kafa a Niyok kaɗai. Mamba yana zuba kuɗi kowane wata ko bayan wata uku, ita kuma ƙungiya tana da likitan da ta ɗauka, tana ba marar lafiya ɗan abin masarufi na wasu makonni, tana ba da rance ba ruwa, tana tallafa wa matar mamaci. Abin da ya fi komai jan mutane shi ne fili a maƙabarta. Ƙungiya takan sayi yanki guda, ta kewaye shi, ta kafa ƙofa da sunanta da sunayen shugabanninta.

Sunan ƙungiyar shi ne abin da kake nema, domin garin yana cikinsa. Kamar yadda muke cewa Kanawa ko Haɗejawa, su "er" suke liƙa wa gari: Pinsker mutanen Pinsk ne, Bialystoker na Bialystok, Minsker na Minsk. Kalmar Anshei a gaban suna tana nufin "mutanen", sai gari ya biyo. Ga yadda ake yi: takardar mutuwa ta ba ka sunan maƙabarta, manyan maƙabartun Yahudawa na Niyok irin su Mount Hebron da Mount Zion da Mount Carmel suna da wurin nema a shafukansu, kuma sakamakon yakan nuna yankin ƙungiyar da aka binne mutum, in babu, mai aikin ya buga wa ofishin maƙabartar waya ya tambaya. Sai ka ɗauki sunan ka kai rumbun ƙungiyoyin jana'iza na ƙungiyar masu binciken nasabar Yahudawa ta Niyok, ko JOWBR, rajistar kaburbura ta JewishGen, wani shafin intanet na nasabar Yahudawa, su gaya maka garin da sunan ke nufi da sauran waɗanda ke kwance a yankin.

A nan ne kuma ake zamewa. Mutum yakan shiga ƙungiyar garin matarsa, ko ta abokin aikinsa, ko wadda filinta ya fi araha. Wani kuma ɗan ƙauye ne, ƙauyensu ba shi da ƙungiya, sai ya raɓi ta birnin da ke kusa, kamar yadda ɗan ƙauyen Kazaure in ya je Fatakwal yake ce wa mutane shi ɗan Kano ne. Ƙofar maƙabarta tana nuna maka hanya ce. Sai takarda ta biyu, ta jirgi ko ta kotu, ta faɗi garin nan kafin ka rubuta shi da biro. In kuma ƙungiyar ta ma'aikata ce irin Workmen's Circle, duba lambar reshe da sunansa, don rassa da yawa 'yan gari ɗaya ne suka kafa su.

Littattafan ƙungiyoyin da suka mutu, ɗaruruwansu, suna YIVO, cibiyar binciken tarihin Yahudawa a Niyok, wasu ta hannun hukumar inshorar jihar suka isa can lokacin da aka rufe asusunsu. A ciki akwai bayanan taro, littafin kuɗin wata, fom ɗin shiga mai ɗauke da sunan wanda ya gabatar da sabon mamba, taswirar kaburbura, da mujallun bikin cika shekara inda mambobi ke sa gaisuwa da hotuna. Jerin abin da ke kowane akwati yana intanet a shafin Center for Jewish History. Shafukan da kansu kuwa, abin da ba a ɗora ba sai a rubuta wa ma'aikatan a nemi kwafi, kuma mai aikin ne zai biya. Yawancinsu da rubutun hannu na Yidish ne. Kada ka yi ƙarfin hali ka fassara da manhajar waya. Ɗora hoton a ViewMate na JewishGen, masu sa kai za su karanta maka kyauta.

Bayan ƙungiyoyin gari akwai manya. HIAS, ƙungiyar taimakon baƙin Yahudawa, wadda ta ɗauki siffarta bayan haɗewar ƙungiyoyi biyu a 1909, tana da wakilai a tashar jirgi, tana kare waɗanda za a mayar, tana taya cike fom ɗin kotu da koyar da tambayoyin da alƙali zai yi. Majalisar matan Yahudawa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1893, ita ke tarbar 'yan mata da bibiyar inda suka sauka. Hebrew Free Loan Society ta fara ba da rance ba ruwa a Niyok a 1892. Industrial Removal Office, daga 1901 zuwa 1922, ta kwashe mutane kusan 79,000 daga Niyok ta rarraba su garuruwan cikin ƙasa inda akwai aiki; in iyali sun ɓace daga Niyok sun ɓullo a wani ƙaramin gari da ba su da kowa, littattafanta ne za ka duba. A Filadelfiya kuwa akwai ƙananan bankunan baƙi irin Blitzstein da Rosenbaum da Lipshutz, inda mutum ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kamar adashi har ya isa tikitin ɗan'uwansa. Littattafansu suna faɗin wanda ya saya, da wanda aka saya wa, da adireshinsa a Turai. Suna Jami'ar Temple, fihirisarsu kuma tana JewishGen.

Akwai dalilin da ya sa mutumin da ya yi shekara goma sha biyar bai damu da kotu ba ya tashi haiƙan bayan 1924. Dokar wannan shekara ta rufe ƙofa da ƙayyade adadi, amma ta bar wa ɗan ƙasa damar kawo matarsa da ƙananan 'ya'yansa marasa aure ba tare da bin layi ba. In ka ga an ba shi takarda a 1927, nemi jirgin matar a watannin da suka biyo baya. Jerin nata sabo ne, da keken rubutu aka buga shi, garin zai fito sarai.

Karatun dutsen kabari

Wanda ya yi makarantar allo yana da rabin aikin a hannu. Ibrananci daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma haruffansa suna da lissafi irin na abajada: alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4, haka har nun 50. Daga nan ka riƙe teburin Ibrananci a gabanka kada hisabin da ka saba ya ruɗe ka: samekh 60, ayin 70, pe 80, tsadi 90, kuf 100, resh 200, shin 300, tav 400. Ana barin dubu biyar na shekara ba a rubuta ba. Haɗa haruffan, ka ƙara 1240. Tav da resh da pe sun ba da 680, wato 1920. Amma shekararsu tana kamawa ne a Satumba ko farkon Oktoba, don haka in watan Tishri ne ko Heshvan ko Kislev, cire ɗaya, 1919 ke nan. Watan Tevet shi yake raba ƙafa tsakanin Disamba da Janairu, sai ka duba rana.

Sunan yana zuwa ne da siffar wane ben wane, ko wance bat wane, daidai da bin da binti. Wannan layi ɗaya ya ba ka sunan uba, wato tsara guda da ba ta taɓa taka Amurka ba. Hoton hannaye biyu a buɗe yana nuna zuriyar Kohen, wato limamansu na dā, buta kuma zuriyar Lawi mataimakansu, kuma ta wajen uba ake gadonsu. In dutse ɗaya yana da hannaye ɗayan ba shi da alamar komai, tsaya ka sake dubawa kafin ka ce 'yan'uwa ne uba ɗaya.

Tsallakawa Turai

Gari ɗaya yakan yi suna huɗu: Lemberg da Lwów da Lvov da Lviv wuri ɗaya ne, haka Vilna da Wilno da Vilnius. Rumbun garuruwa na JewishGen zai daidaita maka su ya faɗi lardin da garin yake a kowane zamani. Daga nan JRI-Poland don Folan, LitvakSIG don Lituweniya, Gesher Galicia don Galicia, yankin da Ostiriya ta mulka. Rajistar Folan ta hannun Rasha da harshen Folan take har 1868, daga nan ta koma Rashanci. Kalandar Rasha ta wancan zamani tana bayan ta Miladiyya da muke amfani da ita da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 daga Maris na 1900 har 1918, don haka saɓanin kwana goma sha biyu ba kuskure ba ne. A Galicia ma'aurata da yawa auren addini kaɗai suka yi, hukuma ba ta san da shi ba, sai aka rubuta 'ya'yansu da sunan dangin uwa. Yaron da ka rasa a ƙarƙashin sunan ubansa neme shi a can. Ga waɗanda suka rage a Turai har zamanin Nazi, rumbun Arolsen da na Yad Vashem duk ana bincikensu kyauta.

In fasfo mai aikin yake nema

Faɗa masa gaskiya tun kafin ka karɓi kuɗinsa: mafi yawan waɗanda suka fita kafin 1914 talakawan sarkin Rasha ne ko na Ostiriya, lokacin babu ƙasar Folan ko Lituweniya mai cin gashin kanta, don haka jikokinsu galibi ba su da hanya. Folan tana tabbatar da ɗan ƙasa ne ta zuriyar wanda dokarta ta 1920 ta shafa, kuma karɓar takardar wata ƙasa kafin 1951 yakan yanke igiyar, ban da wasu keɓantattun yanayi na aikin soja da sai lauya ya warware. Lituweniya tana duba wanda ya kasance ɗan ƙasarta tsakanin 1918 da 15 ga Yuni, 1940. A Folan, ranar rantsuwar kakan a Amurka in aka gwada ta da ranar haihuwar ɗansa ita ke yanke hukunci, shi ya sa shekarar ƙidaya ba ta isa, sai takardar kotu.

Jamus dabam take. Sashe na 116, sakin layi na 2, na kundin tsarin mulkinta yana mayar da zama ɗan ƙasa ga waɗanda aka ƙwace wa tsakanin 30 ga Janairu, 1933 da 8 ga Mayu, 1945, da zuriyarsu. Dokar Nazi ta 25 ga Nuwamba, 1941 ta tsige duk Bayahuden Jamus da ke zaune a waje a lokaci ɗaya, don haka abin da za ka tabbatar shi ne cewa kakan Bajamushe ne, Bayahude ne, yana waje a ranar, kuma bai riga ya karɓi takardar wata ƙasa ba. Waɗanda wannan sashe bai ɗauka ba an buɗe musu wata ƙofa a Agustan 2021. Ostiriya ta buɗe wa zuriyar waɗanda aka tsananta wa daga 1 ga Satumba, 2020. Sifaniya ta yi dokar zuriyar Sefardi a 2015 ta rufe karɓar buƙata a Oktoban 2019. Fotugal ta fara tata a 2015, ta tsaurara a 2022 bayan surutun da ya biyo bayan takardar da aka ba attajirin Rasha Roman Abramovich, kuma ta ci gaba da taɓa dokar, don haka sai an duba shafin hukuma a ranar da ake magana. Duk dillalin da ya ce maka zai liƙa ka, kai ko wani, a jikin wata salsala don kuɗi, ɗan damfara ne, kuma takardar jabu laifi ce a can da nan.

Hukumomin nan ba sa karɓar hoton da ka sauke daga intanet. Kwafi mai hatimin ofishin da ya ajiye asali suke so, na haihuwa da na aure na kowace tsara daga kakan har mai nema, wani lokaci da hatimin Apostille mai tabbatar da takarda tsakanin ƙasashe, da fassarar rantsattsen mai fassara. Waɗannan mai aikin ne zai nema, don wasu ofisoshin ba sa ba wanda ba jini ba. Naka shi ne ka miƙa masa sunan rumbu, da lambar kundi, da shafi, da lambar roƙon kotu, sannan ka rubuta a fili duk inda sunaye ko ranaku suka saɓa da dalilin da ya sa kake ganin mutum ɗaya ne. Wasu hotunan FamilySearch a kulle suke sai a cibiyoyinsu, ka sanar da shi tun farko. Jerin jirgi ba ya karantuwa a waya, don haka yi neman fihirisa da wayar da rana, ka tara lambobin, ka sauke manyan hotunan a kwamfuta da dare lokacin da sabis ya fi ƙarfi. Kowane hoto sa masa suna nan take da shekara da sunan dangi da irin takardar, ka ajiye kwafi ɗaya a filashi, ɗaya a Google Drive, kafin batirin sola ya sauka.